Ragowar Tabar Mamaci

Surukina Pyo Gil-yong bai taɓa sayen kwalin taba biyu a lokaci guda ba. Ya ce mai sayen biyu ya riga ya miƙa wuya. Shi ɗaya yake saya, da niyyar shi ne na ƙarshe, idan ya ƙare da la'asar ya koma kantin ya sayi wani na ƙarshen. Haka ya yi shekara arba'in da ɗaya.

Ni mijin 'yarsa ne, Hye-ran, wadda ita kaɗai suka haifa. Motar kai ƙanƙara kasuwar kifi nake tuƙawa a nan Busan. Ba ni da yawan magana, ina jin shi ya sa yake son in riƙa kai shi asibiti, domin a mota ne kawai bakinsa ke buɗewa. Yana kallon titi, ina kallon titi, sai ya yi ta ba da labari kamar da gilashi yake magana. Do-sobang yake kirana, yadda ake kiran mijin 'ya, ni kuma ina ce masa Baba. Yanzu haka yana gidanmu yana jiran tiyatar zuciya, wadda ba za a yi masa da kwanciyar hankali ba sai ya rabu da taba.

A wani ƙauye cikin duwatsun Hadong aka haife shi, ɗan fari a gidan manomi. Mahaifinsa ba ya yi wa 'ya'yansa magana sai in umarni zai bayar. Baba ya fara shan taba yana ɗan shekara ashirin, a ɓoye, bayan garken saniya.

"Ranar da zan tafi soja," in ji shi, "tsohon ya rako ni har bakin titi, bai ce uffan ba. Sai a bariki na buɗe jaka na tarar da taba a cikin safa. Ashe ya daɗe da sani."

Duk da haka har tsohon ya mutu bai taɓa ganin taba a bakin ɗansa ba. In Baba ya hango shi tafe, a tafin hannu yake murƙushe ta. Tabon yana nan har yau.

A soja ta zama masa abinci. Minti hamsin na aiki, minti goma na taba. Wanda ba ya sha kuwa, sajan ya dube shi ya ce, kai da ba ka da abin yi, je ka ɗebo mana ruwa. Da ya ba ni wannan labarin na yi dariya, na ce masa a zamaninmu ma haka ne, kuma ni ne mai ɗebo ruwan. Ya daɗe yana yi mini tsiya da wannan.

Da ya fito ya koyi walda, ya yi shekara talatin da shida yana gyaran jiragen ruwa a Yeongdo, rabin ranarsa a cikin cikin jirgi inda ba iska. A bayan rumfar fenti akwai rabin duro cike da yashi, nan ake taruwa a sha taba. A nan ake jin wane jirgi ke shigowa, wa ke neman ma'aikata, ɗan wa zai yi aure, wane shugaban aiki ya tashi da fushi. Wanda ba ya zuwa bakin duron nan, labari yakan iso masa bayan ya huce.

Shekara biyu da suka wuce, cikin hunturu, ciwon ya fara kama shi yana kan tsani. Aka garzaya da shi asibiti, aka zura masa ɗan bututun ƙarfe a hanyar jinin da ta toshe. Ya tsorata ƙwarai, ya bar taba kwana sha tara. Ranar da ya koma aiki ya je bakin duro da alewa a baki, saboda bai san inda ake tsayawa ba in ba can ba. Abokinsa Gwak, wanda suka fara aiki shekara ɗaya, shi ya fara.

"A'a, Yaya Pyo! An ce saura aski kawai ka hau dutse ka zauna da masu zuhudu."

"Kwana sha tara ke nan," Baba ya ce, yana ɗan alfahari.

"Sha tara! Jama'a ku matsa, ku ba shi wuri. Ai an faɗa, mutumin da ya iya barin taba ba abokin zama ba ne. Wanda ya juya wa abokiyar shekara arba'in baya rana ɗaya, mu me zai yi mana?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma ya ce mini daga nan hirar ta canza. Kowa na kawar da hayaƙinsa gefe, ana tambayarsa jiki kamar baƙo, in ya juya zai tafi sai ya ji an saki murya.

"Ba su kore ni ba, Do-sobang. Ladabi suka riƙa yi mini. Gara su zage ni."

Rana ta uku ya miƙa wa Gwak yatsu biyu ba tare da ya dube shi ba.

Daga nan ya tara hujjoji kamar mai shirin shari'a. Likita da bakinsa ya ce damuwa na kashe zuciya, to barin taba ai damuwa ce. Baffansa na ƙauye ya haura tamanin, yana sha, yana hawan dutse. Ya koma shan siraran karan taban nan, ya ce su rabin taba ne. Babbar hujjarsa kuwa ta sana'a ce.

"Abin da suka sa mini ƙarfe ne. Ni na san ƙarfe. Hayaƙi ba ya cin irin wannan."

Surukata, wadda nake ce wa Mama, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Shi kuwa sai ya koma sha a kan rufin gida, wurin tulunan miya.

Bana da damina ciwon ya dawo. Muna cin abincin rana a gidansu, cokali ya faɗi daga hannunsa, fuskarsa ta yi toka-toka. Wannan karon likitar da ta gan shi, wata mace da ba ta kai arba'in ba, ta juyo da hoton ta nuna mana. Hanyoyi uku sun kusa rufewa, har da wurin ƙarfen nasa. Ta ce sai an buɗe ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙafa a yi wa jinin sabuwar hanya.

"Wato kewaye za ku yi wa bututun," Baba ya ce. "Mu ma muna yi."

"Haka ne. Amma huhunka ne matsalar. Hayaƙin walda da na taba sun cinye shi. In na buɗe ka yau, ina tsoron ba za ka iya numfashi da kanka ba bayan an gama. Ina son mako shida babu taba, ko kara ɗaya. Kwana huɗu kafin ranar za mu gwada fitsarinka. In na ga alamarta, zan ɗaga."

"In kin ɗaga, zuciyar za ta jira?"

"Ba ta yi mini alkawari ba."

Saboda yanayin zuciyar ba a ba shi filastar rage kwaɗayin taba da ake mannawa a dantse ba. Alewa aka ba shi, da wata ƙwallon roba ta matsawa. Ya ajiye aiki. Mama ta zubar da farantan toka, ta wanke labule, ta riƙa laluben aljihunsa safe da yamma.

Ban taɓa ganin babban mutum ya lalace haka ba. Kwana goma bai iya zagayawa da safe ba, saboda cikinsa ya saba sai da taba. Ya tauna busassun ƙananan kifi har dasashinsa ya yi jini. Ya daka wa Mama tsawa a kan gishirin miya, bayan minti biyar ta same shi a banɗaki yana wanke fuska, idonsa jajur. In ya fita tafiyar da likita ta sa shi, sai ya tsinci kansa yana bin bayan wani mai shan taba, taku biyu tsakaninsu, har mutumin ya waiwayo.

"Baban Hye-ran, ka zauna mana," Mama kan ce. "Ka kusa huda daɓen ɗakin nan da zirga-zirga."

"In zauna in yi me? Faɗa mini inda zan sa hannuwan nan."

Wata rana muna dawowa daga awo, mun tsaya a kan gada cikin cunkoso, ya ce, "Do-sobang, kai da ba ka sha, in ka gama aiki me ke gaya maka ka gama?"

Na ce ban sani ba, ina dai kashe mota in tafi gida.

"Ni tun ina saurayi, komai na gama sai ta rufe shi. Abinci, walda, faɗa, jana'iza. Yanzu ba abin da ke ƙarewa. Tun ranar da na bari, rana ɗaya ce take ta tafiya, ta ƙi faɗuwa."

Na rage rediyo kawai.

Bayan mako uku sai muka ga ya fara natsuwa. Ya riƙa tambayar yanayin sama, ya fito da lauje ya wasa. Bikin kaka ya matso, lokacin zuwa yanke ciyawar kaburbura ya yi. Mama ta ce bana a bari, ko a biya wani ya yanke.

"A biya wani ya aske wa ubana kai? Ni ne ɗan fari. Ina da rai tukuna."

Da ta ga ba zai saurara ba sai ta ja ni kicin. Kada in bar shi ya goya injin yankan, kada ya hau da sauri, giya kuwa leɓe kawai zai jiƙa. Ta sa mini ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso a aljihun riga. Ni da ita mun lissafa duk abin da zai iya cutar da shi a dutsen nan, amma abu ɗaya bai zo mana a rai ba.

Ranar Lahadi ce, kwanansa talatin da uku babu taba, saura kwana takwas tiyata. Baffa, ƙanen mahaifinsa, yana jiranmu a gindin dutsen da sandarsa da hular kaba. Shekararsa tamanin da huɗu, haƙoransa ba su fi shida ba, muryarsa kuwa ana jin ta daga wancan kwarin.

"Gil-yong! Kai ne ka rame haka? An ce za su tsaga ka kamar kifi. Mutanen birni ba ku da aiki sai ciwo."

Sau huɗu Baba ya tsaya a hanya yana dafa itace. Baffa kan jira shi a sama yana girgiza kai. Da muka isa ni na yi yankan, Baba ya bi gefen kabarin da lauje yana gyarawa a durƙushe. Kafin rana ta take tudun ya fito sumul. Muka shimfiɗa tabarma, muka jera busasshen kifi da 'ya'yan itace, Baba ya zuba giya ya kewaya da ita, muka kai goshi ƙasa sau biyu.

Ina shirin naɗe tabarmar ne Baffa ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalin taba.

"Yayana ya shekara bai busa ba. Kunna masa."

Sai a lokacin na tuna. Kowace shekara ana kunna wa mamacin taba a kabarinsa, ni kaina na gani sau uku. Taba kuwa ba ta kamawa sai an zuƙa.

"Baffa," na ce, "ku bari ni in kunna."

Tsohon ya juyo gaba ɗaya ya dube ni tun daga takalmi.

"Kai ɗan gidan wa? Pyo kake? Kuma a gaban surukinka za ka sa taba a baki? Gil-yong, wannan ka ba wa 'yarka?"

"Likita ta hana su, Baffa. Ko kara ɗaya."

"Ta hana shi sha. Wa ya ce ya sha? Ubansa ne zai sha. Likitar ta hana matattu ma?"

Baba ya karɓi karan da hannu biyu. Ya gwada, zan faɗi gaskiya, ya gwada. Ya riƙe shi nesa da fuska ya kanga masa wuta, bakin ya yi baƙi, ya ɗan yi ja, iska ta kashe. Ya sake, ta sake mutuwa.

"Gasa ta kake yi?" in ji Baffa. "Mutum ya haife ka, ya aike ka birni da kuɗin saniyarsa, zuƙa ɗaya ta gagare ka?"

Baba ya kawar da kai gefe daga kabarin, ya kare baki da tafin hannu, ya zuƙa. Na tsaya ina jiran hayaƙin ya fito. Ya daɗe bai fito ba. Sannan ya durƙusa ya kafa karan a tsaye cikin ciyawa gaban tudun, hayaƙin ya miƙe sama siriri.

Na ce a raina shi ke nan, zuƙa ɗaya ce, kafin gwajin ranar Alhamis ta fita daga jikinsa. Muka zauna cin abin da aka ajiye wa mamacin, kamar yadda ake yi, domin ragowarsa albarka ce ga na baya. Baffa ya tsiyaya giya, Baba ya jiƙa leɓe ya ajiye. Ya ɗauki kifi ya riƙe bai ci ba. Idonsa na kan karan nan.

Karan ya ci rabi ke nan Baffa ya miƙa hannu ya tsige shi.

"Ya ƙoshi. Dama bai cika shanyewa ba, rowa gare shi, yakan ajiye rabi a bayan kunne." Ya miƙa wa Baba. "Ungo. Ragowar ubanka."

Ba da mugunta ya yi ba. A wurinsa kyauta ce mafi girma da ke wurin, kuma ya ba wanda ya fi cancanta. Abin da babba ya miƙo kuwa ba a barin hannunsa a rataye.

"Baba," na ce.

"Je ka duba injin, Do-sobang."

Ban tafi ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya tashi ya matsa 'yan taku, ya tsuguna ya ba kabarin baya, ya ba Baffa baya, yana fuskantar itatuwa. Ya shanye shi har audugar ta fara ƙonewa. Kafaɗunsa na girgiza, ban san ko tari ne ba.

A mota, da muka hau babban titi, ya fara magana.

"Shekara nawa muna gida ɗaya, ban taɓa shan kara ɗaya tare da shi ba."

Na ci gaba da tuƙi, shi kuma ya ɗora.

"Kada ka ɗauka Baffa ne. Tun rana ta goma nake ƙirga ranar nan. Na ce zuƙa ɗaya, ba tawa ba ce, ta tsoho ce, ba wanda zai ce na karya. Da ita na rayu kwana ashirin da uku. Kun ga na natsu kuna murna." Ya goge baki. "Kada ka gaya wa Mamanku."

A wurin hutawar matafiya ya ce zai zagaya. Ina zaune a mota na hango shi ta gilashin kanti yana nuna wa yarinyar kantin abin da yake so a bayanta. Na kama murfin motar, ban buɗe ba. Ban san yadda mijin 'ya ke ƙwace abu daga hannun surukinsa a gaban mutane ba. Minti ashirin ya yi, ya dawo yana tauna cingam.

Ranar Alhamis muka je gwaji mu uku. Mama ta sa rigarta mai kyau. A kujerun jira tana ba wata mata labari, kwana talatin da bakwai, ko kara ɗaya, mutumin da a da ko wanka zai shiga sai da ita. Nas ta kira sunansa ta ba shi ɗan kofin roba. Ya tashi, ya yafuto ni da ido.

A lungun banɗakin maza ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya kama hannuna da hannayensa biyu. Bai taɓa yi mini haka ba.

"Do-sobang. Kai ba ka sha."

Na gane, amma na yi kamar ban gane ba.

"Rabin kofi kawai. Ba mai dubawa."

"Nawa kuka sha, Baba?"

"Kwali ɗaya." Ya sunkuyar da kai. "Kullum."

"A ina? Mama na..."

"A cikin tulun da babu komai, kan rufi. Bar wannan. Ka saurare ni. In ta ɗaga ba zan kai ba. Ina jin sa a nan, kamar an ɗora mini ƙarfe. Yau da safe matakala uku na hau na zauna. Litinin ɗin nan ce kawai nake da ita."

"In suka buɗe ku, huhun ya ƙi tashi fa?"

"To ai ni zan mutu, ba kai ba."

"Da fitsarina za ku mutu. Me zan ce wa Hye-ran?"

"Wa zai gaya mata? Haba, ɗana. Na ba ka 'yata ban tambaye ka ko kana da ɗaki ba. Na taɓa roƙonka wani abu? Yau ɗaya. So kake in durƙusa? Zan durƙusa, ga shi."

Ya fara lanƙwasa gwiwa da gaske. Na riƙe shi ta hammata na ɗaga, jikinsa ba nauyi kamar ba shi ne ke ɗaukar tulun gas a kafaɗa ba. Har yau ban tabbata daidai na yi ba. Wataƙila da na ba shi, da yanzu an gama yana kwance yana warkewa. Na dai mayar da hannuwana baya na haɗe su.

"Ba zan iya ba, Baba. Ku yafe mini."

Ya dube ni.

"Mai ɗebo ruwa," ya ce. "Har ka mutu ruwa za ka ɗebo." Ya shiga ya turo ƙofar.

Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta dubi takardar, ta dube shi, ta cire tabarau. Mama ce ta yi wani sauti kamar an taka ta.

"A ina? Baban Hye-ran, a ina? Ni nake juya aljihunka kullum. Ni nake shinshina rigarka kamar karya. Yanzu na gama yi wa mata alfahari a waje!"

Likitar ta ajiye takardar.

"Ba zan iya ba ka wani mako shida ba," likitar ta ce. "Zuciyar ba za ta kai ba. Mako uku. In ciwon ya zo ya wuce minti biyar bayan ƙwayar, a kira motar asibiti, kada a tsaya neman tasi. In ka sake sha, zan buɗe ka a haka domin ba ni da zaɓi, amma ba zan ce wa matarka komai zai yi daidai ba."

"Ku kwantar da ni," Baba ya ce. "Likita, ku ba ni gado ku ɗaure ni a jiki. Ni na san kaina. In na fita ƙofar nan zan sha."

"Gadajen na waɗanda ba sa iya tsayuwa ne. Ka yi haƙuri."

A waje, jikin shingen asibitin, maza biyar ko shida na tsaye cikin rigar marasa lafiya, wasu riƙe da sandar ƙarin ruwa, suna busa hayaƙi suna hira. Mama ta wuce gaba da sauri ba ta waiwayo ba. Baba ya tsaya cak. Na tsaya a gefensa. Na ga maƙogwaronsa na motsi.

"Gidanku hawa na nawa ne?" ya ce, bai dube ni ba.

"Na sha huɗu."

"Kai ni can."

Da muka shiga ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar kullum. Maimakon ya jera su sai ya sunkuya ya ɗauka, ya miƙo mini.

"Tafi da su wurin aiki. Naka ma kada ka bar ko ɗaya a gidan nan. Na Hye-ran ba sa shiga ƙafata."

Kanti yana ƙasa, tsallaken wurin ajiye motoci. Amma mutum mai shekara sittin da ɗaya ba zai ratsa gaban maƙwabtan 'yarsa ba takalmi ba, ya san da haka, da shi ya ɗaure kansa. Na kwashe takalmana duka na zuba a bayan kujerar mota tare da nasa.

Haka muke tun ranar. Hye-ran na fita aiki da safe, Mama na zuwa da abinci ta ajiye, su zauna ita da Baba ba mai ce wa wani komai, ta tafi. Yawancin yini yana tsaye a taga. Daga can ana hango ƙugiyoyin ɗaga kaya na Yeongdo, yana iya gaya maka jirgin da ake gyarawa daga launin hayaƙin. Sau ɗaya Gwak ya bugo waya, ina kusa ina ji.

"Yaya, ka mutu ne ba a gaya mana ba?"

"Saura kaɗan. Ka tanadi kuɗin gaisuwa."

"Wurinka na nan bakin duro, ba wanda ya tsaya a kai." Gwak ya yi tari mai tsawo. Sannan ya rage murya. "Yaya, ciwon nan, ta hannun hagu yake farawa?"

Jiya kwanansa goma sha biyu. Na dawo da ƙarfe uku na rana, na buɗe ƙofa na kusa taka shi. Yana zaune a dakalin cire takalmi, rigarsa sharkaf da gumi, kwalbar ƙwayar a buɗe a gefensa. A ƙafarsa silifas ɗin banɗaki ne, na roba, ruwan hoda, dugadugansa sun fito waje.

Na tsuguna a gabansa.

"Har ina kuka je?"

"Lif." Numfashinsa na fita guntu-guntu. "Na danna. Ya zo, ya buɗe, ya rufe. Na sake dannawa. Sau uku."

"Kun sauka?"

Ya girgiza kai. Na matsa kusa kamar zan gyara masa wuyan riga, ban ji warin komai ba sai gumi.

"Kun yi ƙoƙari, Baba."

"Kada ka yabe ni. Ciwon ne ya zo a bakin lif, ya kama ni har muƙamuƙi. Ban sani ba ko ni na dawo, ko shi ya dawo da ni." Ya dafe ƙirji da tafin hannu. "Minti huɗu. Ina kallon agogo."

Na ce mu tafi asibiti yanzu. Ya ce likita ta ce biyar, huɗu ba biyar ba ne. Na kira su duk da haka, nas ta yi mini tambayoyi, ta ce a sa masa ido, in ya dawo ko na minti ɗaya ne a kawo shi.

Da na ajiye wayar na same shi ya tuɓe silifas ɗin ya haɗa su, yana miƙo mini.

"Waɗannan ma."

"To da me za mu shiga banɗaki?"

"Ku shiga da ƙafa. Ƙafa ba ta narkewa."

Na karɓa. Yau da asuba na sa su a leda na sauka da su, na ajiye a bayan kujera kusa da nasa. Kafin in tada mota na ɗaga kai, na hango shi a tagar hawa na sha huɗu, hannayensa biyu a cikin hammata. Saura kwana takwas.